Dazukan Jura da magangarun ruwansu: abin da kuɗinmu ya saya a hannun kamfanin yawon ƙafa

Hanyoyin ƙafa da suka ratsa dazukan Faransa ba na kuɗi ba ne. Babu mai tare ka a bakin daji ya yanka maka tikiti, alamomin fentin da ke jikin itatuwa ma masu aikin sa kai ne suke shafa su. Saboda haka duk kamfanin da ya ce ka ba shi ɗaruruwan yuro ya shirya maka yawo, sai ka tambaye shi me yake sayar maka. Wanda muka bi ƙaramin kamfani ne a lardin Jura, gabashin Faransa, dab da iyakar Suwizalan. Farashinsa ya ƙunshi masaukin kowane dare da abincin dare da karin kumallo, da motar da ke kwasar jakunkuna daga wannan masauki zuwa na gaba, da taswira da ɗan littafin bayanin hanya, sai kuma jagora a ranar da za a bi kwarin kogin Hérisson mai magangarun ruwa. Ni da yayata muka je a ƙarshen watan Mayu, kowannenmu ya biya abin da ya ɗan haura yuro 600, ban da kuɗin jirgin ƙasa da abincin rana. Hutu ta zo mini Lyon inda nake aiki, ta ce ta gaji da kallon gine-gine, tana son ta ga inda mutanen nan suke noma da kiwo.

Batun jakunkuna dai ba ni da ta cewa. Ƙa'idarsu jaka ɗaya ga mutum ɗaya, kada ta wuce kilo 15, a ajiye ta a bakin ƙofar masauki kafin ƙarfe tara na safe. Kullum muka isa masauki na gaba sai mu tarar jakunkunan sun riga mu, wani wurin ma har an hau mana da su ɗaki.  Wanda bai taɓa hawan tudu da kaya a gadon baya ba zai ga kamar almubazzaranci ne, amma wannan kaɗai ya ci rabin kuɗin a wurina. Abin da ke bayanmu a hanya bai wuce gorar ruwa da rigar ruwa da burodi da cuku da ƙaramar sallaya ba.

Ɗan littafin hanyar ma an yi aiki a kansa. An haɗo shi da yankin taswirar IGN, hukumar taswirorin ƙasar, irin mai ma'aunin 1:25,000, wadda ko rumfar shanu da ke tsakiyar fili tana ciki. Shafin farko ya koyar da karatun fenti: fari bisa ja na manyan hanyoyi ne masu nisa da ake kira GR, waɗanda aka fara shatawa tun 1947, rawaya bisa ja na hanyar da ke zagaye yanki ɗaya, rawaya ita kaɗai ta ɗan yawon da ba ya wuce yini. In ka ga an giciye layuka biyu, ba nan ba ce, koma baya. Yaya ta kama abin nan da nan, har ta zama ita ke shiga gaba tana lalubo alama a jikin itace ko dutse ko turken shinge. Mafi yawan hanyarmu ta bi kan GR 559 ne, wani yanki na doguwar hanyar Échappée Jurassienne mai kusan kilomita 300 daga Dole zuwa Saint-Claude. Abin da ya fi burge ni a littafin ƙananan bayanai ne da ba ka samunsu a taswira: ƙauyen da babu kanti ko ɗaya, gidan burodin da ke rufe ran Litinin, da shawarar cewa in ruwa ya ƙare ka leƙa maƙabartar ƙauye, domin galibi akwai famfo a bayan ƙofarta, sai dai ka duba ko an rubuta ruwan ba na sha ba ne. Wannan shawarar ta fisshe mu wata rana da rana ta take.

Daga tashar Lons-le-Saunier suka ɗauke mu, garin da aka fara yin cukun nan na La Vache qui rit a 1921, suka sauke mu a saman Baume-les-Messieurs. Ƙasar wurin dutsen farar ƙasa ce shimfiɗe, kana tafiya a fili sai kawai ƙasa ta ƙare a gabanka, ka ga kwari mai zurfi ya buɗe baki, bangayen dutse sun yi masa ƙawanya, tsayinsu ya haura mita 100, ƙauye da tsohon gidan zuhudu kuma suna can ƙasa. Daga wannan gidan ne shugabansa Bernon ya tashi da mutanensa a wajajen shekara ta 910 suka kafa Cluny, wadda daga baya ta zama babbar cibiyar 'yan zuhudu a Turai. A ƙuryar kwarin akwai kogo da ake shiga da kuɗi, sanyin cikinsa ba ya motsawa daga digiri 11 rani da hunturu, daga nan kuma rafin Dard yake fitowa ya zubo ta kan magangarar da suke kira Cascade des Tufs.

Wannan magangarar ba tsayi gare ta ba, siffa gare ta. Ruwan ba ya faɗowa daga kan gaɓa, rarrabuwa yake yi a kan wasu dunƙule-dunƙule kore shar, hawa-hawa, kowane dunƙule yana zubar da nasa siririn zaren. Na kai hannu gefen da ruwa bai kai ba, na ji gansakukar da na ɗauka mai laushi ce ta zama dutse, mai ƙofofi kamar soson wanka. Dalili shi ne ruwan sama yana narkar da farar ƙasa a hanyarsa ta ƙarƙashin tudu. Da ya fito sarari iskar da ke riƙe da ita sai ta fice, farar ƙasar ta kwanta a kan gansakuka ta sandarar da ita, sabuwa ta tsiro a kan tsohuwa, ita ma a sandarar da ita. Magangarar da kanta take gina matakalarta. Shi ya sa aka kafa alluna ana roƙon kada a hau, don sawu ɗaya yana farfasa abin da ya ɗauki shekaru yana taruwa. Duk da haka sai da muka ga wani saurayi ya ɗare can yana ɗaukar hoto, har wata dattijuwa ta daka masa tsawa ya sauko.

To, daga nan ne matsalata da kamfanin ta fara. A shafinsu na intanet sun sa wa wannan tafiya alamar "mai sauƙi", takalmi ɗaya cikin huɗu. Kafin in biya sai da na kira su na ce yayata ta haura shekara hamsin, gwiwarta ta hagu tana damunta, matar da ta ɗauki wayar ta ce ai iyalai da yara ma suna yi. Gaskiya ta faɗa, yara suna yi. Yaro ba shi da ciwon gwiwa. Fita daga kwarin Baume ta hanyar da littafin ya zaɓa yana nufin hawan Échelles de Crançot, matakala ce da aka sassaƙa a tsagin dutse, tsaye cak, wani takin ya kai gwiwa, ga damshi ga santsi. A tsakiyarta Yaya ta tsaya ta dafa bango tana haki, ta waiwayo ta ce, "Kai Auta, wannan ce mai sauƙin? To Allah Ya raba mu da mai wuyar." Na ce, "Yi haƙuri Yaya, saura kaɗan." Ta ce in daina faɗin abin da ban sani ba. Ta yi ta maza ta hau, amma daren nan sai da na nemo mata ƙanƙara a wurin mai masauki ta ɗora a gwiwa. Akwai hanyar mota da ke kaiwa saman, kuma kamfanin yana da mota. Da sun ce mana ga zaɓi, da ba a yi haka ba. Ma'auninsu na sauƙi yawan kilomita ne kawai da jimillar hawa, ba sa duba yadda hawan yake. Mita 150 a kan gangare mai laushi daban, mita 150 a kan matakala mai jiƙe daban, wannan ko ba a faɗa ba jiki magayi.

Washegari na kira su da ɗan zafi. A nan kuma na yaba musu: ba su tsaya gardama ba, suka turo motar kaya ta rage mana doguwar hanyar da ke tsakanin tudun da tafkin Chalain, ba su ƙara ko sisi ba, direban kuma ya bar wa Yaya sanduna biyu na tafiya aro a masauki. Sandunan nan su suka ceci sauran tafiyar. Abin da ya kamata a ba mu tun ranar farko ke nan, ko a ce mu zo da namu.

Chalain tafki ne mai launin shuɗi-kore, akwai bakin ruwa da aka keɓe don wanka. A 1904 da aka rage ruwansa aka gano turakun gidajen mutanen da suka zauna a gaɓarsa dubban shekaru da suka wuce, har da kwalekwalen da aka fafe daga itace ɗaya, wurin kuma ya shiga jerin kayan tarihin UNESCO a 2011. Ba ka ganin komai daga cikin wannan a bakin ruwan, an killace gefen. Mun huta, mun wuce ƙauyen Doucier.

Ranar Hérisson ita ce ranar da kwalliya ta biya kuɗin sabulu, kuma jagorar ce ta sa. Mace ce 'yar yankin, mai takardar shaidar gwamnati ta rakiyar mutane a tsaunuka, siririya, ba ta da yawan surutu. Abu na farko da ta yi shi ne canza mana lokaci. Littafin ya ce a fara ƙarfe goma, ita ta ce ƙarfe bakwai da rabi za ta zo, domin ranar ta faɗo cikin dogon hutun Ascension na Kirista, wanda kullum Alhamis yake kamawa mutane su haɗe shi da ƙarshen mako. Da muka isa filin ajiye motoci na ƙasa, kusa da Maison des Cascades, cibiyar karɓar baƙi a Ménétrux-en-Joux, motoci ba su fi a ƙirga da yatsu ba. Da muka waiwaya daga sama wajen azahar, hanyar ta zama layi, mutum na bin mutum.

Kogin ƙarami ne. Daga tafkunan Bonlieu da Ilay ruwansa yake zuwa, sai ya gangaro mita 255 a cikin kilomita 3.7, yana tsalle sau 31, bakwai daga ciki manya. Zuwa da dawowa kilomita 7.4 ke nan, ana lissafa masa awa uku. Ta ƙasa muka faro. Bayan ɗan taki a fili cikin inuwa sai ga magangarar Éventail, mita 65, kuma ƙararta ke fara iso maka kafin ganinta. Daga sama ruwan a tsuke yake, yana saukowa yana faɗaɗa a kan hawa-hawan dutse har ya bazu ya rufe fuskar bangon gaba ɗaya. An kwana biyu ana ruwan sama kafin zuwanmu, don haka a cike take, feshinta yana kai wa har kan gadar katako. Yaya da ta sha alwashin ba za ta ƙara yabon komai ba tun Crançot, tsayawa ta yi tana ta salati, mayafinta ya jiƙe ba ta ko kula ba.

Daga gindin Éventail hawa ne sosai ta gefenta, matakalar dutse da ta ƙarfe, da igiyar ƙarfe ta dafawa. Nan na ga amfanin jagora da idona. Ta shiga bayan Yaya, ba gabanta ba, tana gaya mata inda za ta sa ƙafa: kada ta taka saiwar itace ko baƙin dutse mai sheƙi, ta nemi inda tsakuwa take, ta fara ɗaga ƙafa mai lafiya a hawa, ta fara sauke mai ciwo a gangara, ta rage tsawon sandunan. Faransancin Yaya bai wuce gaisuwa ba, ni nake fassara, amma kafin mu kai sama sun daina bukatata. "Doucement, Madame," in ji jagorar. Yaya ta ce mata "Sannu 'yar nan, Allah Ya yi miki albarka," ita kuma ta yi murmushi kamar ta ji.

Grand Saut mita 60 ce, ita kuma faɗowa ɗaya take yi daga leɓen dutsen da ya turo gaba, ruwan yana lilo a iska kafin ya daki ƙasa. Hoton da kamfanin ya sa a gaban tallarsa na mutane ne suna bi ta bayan wannan labulen ruwa. Mu mun tarar da wannan hanyar a rufe, da shinge da allon gargaɗin faɗowar duwatsu, jagorar kuma ta ce ba jiya aka rufe ta ba. Rufewar ba laifin kamfani ba ce, na fi son a rufe da dutse ya faɗo wa mutum a ka. Ci gaba da tallar abin da ka san babu shi ne ban ji daɗinsa ba. A kusa da nan akwai kogon da ake dangantawa da Lacuzon, jagoran mayaƙan yankin da suka yi wa sojojin Faransa turjiya a ƙarni na 17. Jagorar ta ce mana, da ɗan alfahari a muryarta, yankinsu na Franche-Comté bai zama Faransa ba sai 1678.

Sama da nan kogin ya lafa. Gour Bleu kwarmi ne zagayayye mai ruwa garai-garai, kana ganin tsakuwar ƙasansa, amma an hana wanka. A nan jagorar ta ɗaga hannu muka yi tsit, ta nuna mana wani ɗan tsuntsu mai launin ƙasa da farin ƙirji a kan dutse tsakiyar ruwa, yana ta durƙusawa yana miƙewa. Muna kallo ya faɗa cikin kogin ya ɓace, can sai ga shi ya ɓullo gaba da ƙwaro a baki. Ta ce a ƙarƙashin ruwa yake kiwonsa, kuma ba ya zama a kogin da ya gurɓace. Da mu kaɗai ne da mun wuce shi ba mu sani ba. Haka kangayen da ke gaba, a Château Garnier da Saut de la Forge da Moulin Jeunet: ni tarin duwatsu masu gansakuka na gani, ita ta nuna mana inda aka tare ruwa, da hanyar da aka karkatar da shi, da gurbin da ƙafar injin take juyawa. Ɗaruruwan shekaru kwarin nan wurin sana'a ne, maniƙa da maƙera suna cin ƙarfin ruwan, kafin lantarki ya zo ya kashe musu kasuwa daji ya maye gurbinsu. A Saut Girard, mai mita 35, hanyar ta ƙare. Da yake jakunkunanmu suna can sama a masauki kusa da Ilay, ba mu sake gangarowa ba, kuma wannan babbar riba ce ga mai ciwon gwiwa, don saukar ta fi hawan cin rai.

Na tambayi jagorar yadda wurin yake a watan Agusta. Ta ciro wayarta ta nuna mini hoton Éventail ɗin nan da muka baro: bango busasshe, da ɗan zirin ruwa a gefe. Ƙasar farar ƙasa ba ta riƙe ruwa a sama, tsotse shi take yi ta tsagogi, don haka in aka yi makonni babu ruwan sama magangarun sai su kusa ƙafewa. Lokacinsu shi ne bazarar Turai bayan narkewar ƙanƙara, daga Afrilu zuwa farkon Yuni, ko kaka in ruwa ya dawo, ko kwana ɗaya zuwa biyu bayan mamako. Kamfanin kuwa a Yuli da Agusta ya fi tsada, kuma babu layi ɗaya a shafinsa da ya faɗi wannan. Wanda ya tara kuɗinsa ya zo don ruwa a tsakiyar rani, zai iya komawa da hoton dutse.

Abinci sai an yi hattara. Na rubuta musu tun wajen biya cewa ba ma cin naman alade, ba ma shan giya, ba ma son a dafa mana da ita. Saƙon ya isa wasu masaukan, bai isa wasu ba. Girkin Jura kuwa a kan abubuwan nan biyu ya ginu: tsiran Morteau alade ne, ana yanka kitsen alade ƙanana a watsa cikin salak da dankali, shahararriyar kazarsu da naman kaza irin mai tsirowa a ƙasa da giyar vin jaune ake dafa ta, cukun da ake narkarwa a tukunya ana tsoma burodi shi ma da farar giya ake haɗa shi. A wani masaukin uwar gidan ta kawo salak da gutsattsarin naman a kai, da na yi magana ta ce ai sai mu tsince su gefe. Ba da mugunta ta faɗa ba, ba a gaya mata ba ne, kuma da ta gane sai ta koma ta soya mana ƙwai da cuku ta haɗo da miyar ganye. A wani masaukin kuwa mun tarar an tanadar mana kifin rafi da aka soya da man shanu, da dankali, da kek ɗin 'ya'yan itace, mai gidan har ya nuna mana kwanon da ya ware. Shawarata ita ce ka karɓi lambar kowane masauki ka kira da kanka da safe, kada ka dogara da ofis. Abincin dare ƙarfe bakwai ko bakwai da rabi ne, teburi ɗaya da sauran baƙi, in ka makara ka tarar an kwashe.

Cukun Comté shi ne abincin ranarmu kusan kullum. A ƙauyuka akwai gidajen cuku na haɗin gwiwar makiyaya, fruitière suke ce musu, a nan ya fi araha kuma za a yanka maka ka ɗanɗana. Dunƙule ɗaya yana kai kilo 40, yana cin madara lita 400, ba a sayar da shi sai ya yi aƙalla wata huɗu a ɗakin ajiya, kuma tun 1958 doka ta kare sunansa. Madarar ta shanun Montbéliarde ce galibi, jajaye da fari, masu ƙararrawa a wuya, waɗanda za ka yi ta ratsa makiyayarsu. Ƙa'ida ita ce duk ƙofar shingen da ka buɗe ka rufe, kada kuma ka taɓa siririyar wayar, da lantarki a jikinta. Mai taka-tsantsan ya sani cewa da sinadarin tumbin ɗan maraƙi ake daskarar da wannan cukun, sai ya yi wa kansa hukunci.

Masaukan sun bambanta. Biyu ɗakuna ne a gidajen mutane, tsaf-tsaf, da banɗaki a ciki. Ɗaya kuwa irin masaukin matafiya ne mai gadaje bisa gadaje da banɗakin tarayya, duk da an ce mana ɗaki namu za a ba mu. Sai da mai wurin ya ga Yaya ya buɗe mana wani ƙaramin ɗaki da kansa. Sallah ba ta ba mu wuya ba. A ƙarshen Mayu rana ba ta faɗuwa sai bayan ƙarfe tara, alfijir kuma da wuri ƙwarai, azahar da la'asar a daji muke yinsu, alƙibla tana kudu maso gabas, ruwan alwala ga shi ko'ina amma da sanyi mai sa haƙora kaɗawa. Masu wucewa sai su rage murya su ratse, babu wanda ya tsaya kallo.

Dajin kansa ba duka lafiya yake ba. Tsakanin Ilay da La Chaux-du-Dombief mun ratsa wurare da itatuwan épicéa, irin dogayen nan masu ganye kamar allura, suka bushe a tsaye jajir, wasu wuraren kuma an sare su ƙaf sai kututture. Wani ɗan ƙwaro ne da ke haƙa a ƙarƙashin ɓawo yake kashe su, ya samu dama tun farin 2018 da shekarun zafin da suka biyo baya, domin itacen da ƙishi ya kama ba ya iya fitar da ƙaron da zai kare kansa. Saran da ake yi ya sa an karkatar da hanya a wuri ɗaya, itacen da ke ɗauke da fenti ma an tafi da shi, littafin kamfanin kuma bai san da haka ba. Taswirar IGN ce ta mayar da mu kan turba. Sigina tana ɗaukewa a cikin kwaruruka, don haka a sauke taswira a waya tun daga masauki. Lambar neman agaji 112 ce. Akwai babbar kyanwar dajin nan lynx a tsaunukan Jura, wadda ta dawo ta Suwizalan a shekarun 1970, amma jagorar ta ce ita kanta da ta girma a nan sawunta ta fi gani.

Abin tsoro na gaske ƙarami ne: kaska. Tana cikin doguwar ciyawa daga bazara har kaka, kuma a gabashin Faransa tana ɗauke da cutar Lyme. Littafin ya ba ta layi ɗaya a shafin ƙarshe, alhali ta cancanci shafin farko. A sa dogon wando a cusa ƙafarsa cikin safa, a duba jiki kowane dare, a sayi ɗan ƙugiyar cire ta a kantin magani, tire-tique, kuɗinsa kaɗan ne. Ana murɗa ta ne a hankali, ba a fizga, ba a shafa mata mai. Na cire ɗaya a bayan gwiwata. In jan zobe ya fito yana faɗaɗa a wurin cizon cikin kwanaki ko makonnin da suka biyo baya, sai likita. Mai zuwa daga Satumba zuwa Fabrairu kuma ya san lokacin farauta ne, in ya ga allon maharba a bakin hanya ya canza hanya.

Hawa na ƙarshe shi ne Pic de l'Aigle, mita 993, da wurin hangen tafkuna huɗu da ke gaba da shi kaɗan: Ilay, Narlay, da Maclu babba da ƙarami, jere a ƙarƙashinka, kowanne da farin zobe a bakinsa inda ruwa bai yi zurfi ba. An ce in sama ta washe ana hango Mont Blanc, dutse mafi tsawo a tsaunukan Alps, daga ƙololuwar. Mu gajimare muka samu ta wannan gefen. Yaya ba ta hau ƙololuwar ba, ta zauna a benci wajen hangen tafkunan da cukunta ta ce in je in dawo in ba ta labari.

Zan sake bin kamfanin nan, amma da sharaɗi: a Mayu ko farkon Yuni, da sanduna tun daga gida, da jagora a fiye da rana ɗaya ko da zan ƙara kuɗi, kuma sai sun rubuto mini hawa da saukar kowace rana da irin ƙasar da za a taka. Matashi mai ƙarfi da ke jin Faransanci kuma ba ya ƙin ɗaukar kayansa ba ya bukatarsu, taswira da waya sun ishe shi ya kama masaukansa da kansa a kan ƙasa da wannan kuɗin. Mai tafiya da babba, ko da yara, ko wanda bai saba da karkarar ƙasar ba, shi zai ci moriyarsu.

Wajen komawa, motar kamfanin tana sauke mutane a tashar Champagnole ko ta Saint-Laurent-en-Grandvaux, duka a kan layin dogon da ake kira Ligne des Hirondelles, mai kilomita 123 tsakanin Dole da Saint-Claude, da ramuka 36 da manyan gadoji 18. Jiragen layin ba su da yawa a yini, ran Lahadi kuma sun fi ƙaranci, ofishin kamfanin kuwa ba ya duba jadawalin sai ka tambaya. Ka zaɓi jirginka tukuna, sannan ka gaya musu ƙarfe nawa direba zai zo.